Wutar da Tunau Ya Hura a Gindin Loko

"Baba, wai me ya sa mai komo ba ya kiran sunanka? Kullum sai Baffa Shekarau. Ko kai ba ka iya harbi ba ne?"

Lantana ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, tana zaune a bakin ƙofa lulluɓe da zanen uwarta, ko ido ba ta gama buɗewa ba. Ba a kira assalatu ba tukuna. Motsin ubanta ne ya tashe ta, yana haɗa kayan daji a tsakar gida.

Tunau ya juya mata baya. Ya ci gaba da ɗura albarushi a ƙahonsa. Matarsa Yalwa ta fito ta sunkuci yarinyar, tana ce mata ba a yi wa manya surutu tun ba a wanke baki ba. Amma kafin ta koma ɗaki ta ƙare wa kayan kallo, don ita mace ce mai lura. Ga bindigar toka, ga barandami, ga adda, waɗannan na kullum ne. Sai kuma ta ga raga, da doguwar igiyar rama, da ashana ƙunshe a leda. Kayan turara kogon itace ke nan, kuma ko matar da ta kwana bakwai a gidan maharbi ta san wannan aiki na mutum biyu ne. Ta tambaye shi shi da wa za su tafi. Ya ce tarkunansa zai duba a bakin rafi, ya saɓa bindiga ya fice, ko kunun da ta dama bai sha ba.

Shekarau ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Tunau ya ba shi shekara shida. Shi ya koya masa bambance sawun gada da na akuya, shi ya riƙe masa gindin bindiga ranar da ya yi harbin farko. To amma shekara uku ke nan, duk taron da mafarautan Tungar Kawo suka yi, in Anaruwa mai komo, makaɗin mafarauta, ya gyara zama ya taɓa tsirkiya, sunan Shekarau ne a bakinsa. Shekarau da ya kayar da gwanki shi kaɗai. Shekarau da ya raba gwaggon biri da gonar Sarkin Dawa. Tunau kuwa bai taɓa barin tukunyar gidansa ta kwana babu nama ba, yau gyazbi, gobe makwarwa, jibi gada, amma ba a yi wa mutum waƙa don ya ciyar da 'ya'yansa. Yakan zauna a gefen fili yana tafi tare da jama'a, haƙora a waje, cikinsa kuwa kamar an zuba dakakken barkono.

Kwana biyar da suka wuce Shekarau ya shigo gidan da murnarsa, ya ba yayansa labarin abin da ya gani a Kurmin Loko da almuru. Wai kurege ne ya saki kansa daga ƙololuwar itace, maimakon ya faɗo ƙasa sai ya buɗe wata fata tun daga hannu har ƙafa, kamar mace ta ware mayafi, ya ratsa iska ya sauka a jikin wata bishiyar. Tsofaffi sun sha faɗin akwai shi a can, amma a Tungar Kawo babu mai rai da ya taɓa riƙe shi a hannu. Shekarau ya lura da kogon da ya fito, ya ƙulla ciyawa a gindin itacen. A al'adar mafarautansu, wanda ya ƙulla ciyawa a bakin rami ko kogo, abin da ke ciki nasa ne, ko da zai yi wata guda bai dawo ba. Ya roƙi Tunau su tafi tare ranar Alhamis, shi ya hau ya tare bakin kogo da raga, Yaya ya tsaya a ƙasa ya riƙe wuta. Su kawo shi da ransa, a nuna wa jama'a a taron mafarauta na bayan kaka.

Tunau ya ce to. Amma ya san yadda waƙar za ta fita. Mai ƙulli shi ne mai kurege, mai riƙon wuta ba ya shiga waƙa. Shi ya sa yau Talata ya kama hanya shi kaɗai.

Ya ratsa gonakin dawa da aka riga aka yanke, raɓa tana jiƙa masa wando har gwiwa. Makwarwa ta tashi fir daga gindin kara, bai ko ɗaga bindiga ba. Da gari ya waye yana cikin dajin maje da kawo, inda ciyawa ta fi tsayin mutum ta fara ja. A wata fadama ya tarar da sawun mazo, sabo fil, ruwa bai gama taruwa a cikin kofaton ba. Namiji ne, babba, don sawun ya nutse sosai. A wata ranar da ya bi shi har inda ya kwanta, gidansa ya kwana bakwai yana cin nama. Ya dube shi, ya tsallake, ya wuce.

Rana ta kusa tsaka ya gangara kwarin da kurmin yake. Da shigarsa duniya ta sake. Zafi ya yanke kamar an rufe ƙofa, haske ya koma tsilli-tsilli, hanci ya cika da warin ruɓaɓɓen ganye da danshi. Tukurwa da kwakwar manja sun bi bakin rafi, maɗatai sun miƙe ba reshe ko ɗaya sai can sama, igiyoyin kurmi masu kaurin damtse sun sauko daga cikinsu kamar an rataye su. Kirka, birin kurmi, ta hango shi ta yi haushi sau biyu, 'yan'uwanta suka watse ta kan rassa. Can gaba cilakowa na ta kuka. Ya rage tafiya, yana ɗora ƙafa a kan saiwa don kada busasshen ganye ya tona shi.

Tun kafin ya ga itacen ya fara ganin aikin mai shi. A jikin wani kawo an ɓare ɓawo faci-faci, can sama inda akuya ko barewa ba za su kai ba, ga shaidar haƙora biyu a jere. A ƙasa ga ƙananan rassa an datse su tsaf kamar da aska, ganyensu bai ko yanƙwane ba. Ga 'ya'yan kwakwa an gaigaye jan naman an yar da ƙwallon. Ya ɗaga kai ya ga yadda manyan itatuwan suka tsaya kusa da juna, ya gane dalilin da ba a ganin dabbar a dajin Tunga. Abin da ba ya taka ƙasa, dole sai inda wata bishiya ke jiran sa in ya saki wata.

Sai ga itacen loko mai kogon. Tsoho ne, mutum huɗu ba za su haɗa hannu su zagaye shi ba. A gindinsa akwai wata kafa da kare zai iya shiga, can sama kuma, wajen tsayin mutum goma, inda ya rabu biyu, ga bakin kogo baƙi ƙirin, gefensa ya yi sulɓi don yawan shiga da fita. Tunau ya buga jikin itacen da ƙotar barandami, ya amsa kamar ganga. Ya kara kunne. Can ciki ya ji ƙarar farce, kar-kar-kar, sannan shiru. Suna nan, barcin rana suke.

Ƙullin Shekarau na nan a jikin wata saiwa, ciyawar ta bushe amma bai saki ba. Tunau ya daɗe tsaye a kansa. Irin murɗin mahaifinsu ne, sau biyu hagu sannan a cusa bakin a ƙasa, kuma shi da hannunsa ya koya wa yaron a bayan rumbu. Ya tsuguna ya kwance shi a hankali, ya jefa a rafi, ya tsaya har ruwa ya tafi da shi. Ya yanko ɗanyar ciyawa ya ƙulla nasa.

Aikin mai riƙon wuta ba wuya, amma ba a barin sa. Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. Na ƙasa yana tsugune yana ƙara ɗanyen ganye, da tulin ƙasa a gefensa, da na sama ya yi fito sai ya danne wutar ya kashe. Tunau ya fi kowa sanin wannan. Ya gaya wa kansa in ya tula ganye da yawa zai ishe shi hawa da sauka. Ya hura wuta a cikin kafar, ya danne ta da ɗanyen ganye runguma uku, ya jira har farin hayaƙi ya fara shiga ciki. Ya jingine bindiga da adda a gindin wani maɗaci da ke kusa, ya ajiye igiyar ma, don akwai igiyar kurmi da ta bi jikin lokon tun daga ƙasa har sama, ya ga ba ya buƙatar ƙarin nauyi. Ya cusa raga a ƙugu ya kama hawa.

Ya isa bakin kogon numfashinsa na fita da ƙyar. Ya hau reshe kamar jaki, ya shimfiɗa ragar, ya riƙe bakinta da hannu biyu. Hayaƙi ya fara tsattsafowa. Sai ya ji motsi a bisa kansa, daga wata ƙaramar kafa da bai lura da ita ba. Kurege biyu suka fito, suka tsaya ɗan kaɗan suna kaɗa kai, sannan suka saki itacen. Ya ga fatar ta buɗe, faffaɗa, ruwan toka, jela a miƙe a baya. Ba fiffike suke kaɗawa ba, zamewa suke a kan iska ba ƙara ko kaɗan, suna karkata su kauce wa rassa. Da suka kusa wani itace can ƙetaren rafi suka ɗaga ƙirji sama, suka manne da jikinsa, suka haura da tsalle-tsalle suka ɓace. Bakinsa na buɗe har na uku ya faɗo cikin raga ya kusa fizge ta daga hannunsa.

Ya tattare bakin ragar ya murɗe. Dabbar ta fi kuregen gona girma nesa, gashinta laushi kamar auduga, idanu manya baƙaƙe suna ta ƙyafƙyaftawa don haske. A gwiwar hannunta akwai wani siririn guringuntsi da ke ɗame fatar. A ƙasan jela, wajen gindi, ga wasu ɓawo masu kaifi a jere kamar na kifi, da su take dogarawa in ta manne da itace. Mace ce. A jikin cikinta ga ɗa guda ya ƙanƙame gashi, bai fi tafin hannun Lantana ba. Tunau ya yi dariya shi kaɗai, ya ɗaure ragar a ƙugunsa. Har ya fara jin yadda Anaruwa zai ja sunansa.

Sai hayaƙin ya sake launi. Ya koma baƙi, ya zo da zafi, itacen ya fara wani gurnani daga ciki. Ya leƙa ƙasa. Ɗanyen ganyen ya bushe ya kama, kogon kuma yana zuƙar iska daga gindi yana turowa sama kamar ana zuga wutar maƙera. Shekaru nawa ruɓaɓɓen itace da busasshen kashin dabbobi ke taruwa a ciki, duk sun zama makamashi. Yana kallo harshen wuta ya fasa wata tsaga a tsakiyar itacen ya lashi igiyar kurmin da ya hawo ta kanta. Ta yi ƙara ta tsinke, rabin ya faɗa cikin wutar.

Ya ja da baya a kan reshen, yana jan gindi, har inda ya fara lanƙwasa. Maɗacin da ya jingine bindigarsa na nan a gabansa, tsakaninsu bai fi taku goma sha biyu ba, amma babu komai a tsakanin sai iska. Ƙasa kuwa duwatsun rafi ne. Ya tuna kunun da ya bari. Ya tuna yarinyar a bakin ƙofa, kuma maganar ƙarshe da ta yi masa ko amsa bai ba ta ba. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fiton mafarauta, duk da ya san shi da kansa ya zaɓi ranar da babu mai ji.

Aka amsa daga bakin rafi.

Shekarau ne ya ɓullo a guje, riga a yage, ƙaya ta tsattsage masa ƙwauri. Ashe Yalwa ba ta koma barci ba. Tana idar da salla ta goya ƙaramin ɗanta ta je ta buga masa ƙofa, ta lissafa masa kayan da mijinta ya ɗauka. Bai tsaya tambaya ba, ya ɗauki igiyarsa ya bi sawu. Ya dubi wutar ya ga ta fi ƙarfin ƙasa da ruwa. Ya dubi sabon ƙullin da ke jikin saiwa sau ɗaya. Ya ɗauki igiyar yayansa ya haɗa da tasa, ya rataya a wuya, ya kama igiyar kurmin da ke jikin maɗacin ya hau har ya yi daidai da Tunau. Ya ɗaure baki ɗaya na igiyar a jikin maɗacin, ya ɗaura dutse a ɗaya bakin ya jefa. Na farko ya gaza. Na biyu ya bugi reshen ya zame. Na uku Tunau ya cafe.

"Ɗaura a reshen, Yaya, irin ɗaurin da ka koya mini. Sannan ka saki abin nan, zai hana ka motsi."

Gaskiya ne. Kuregen na ta fizge-fizge a ƙugunsa, ta riga ta cije shi a cinya ta cikin ragar har jini ya ɓata wando. Amma ko a nan, da zafi na gasa masa baya, abin da ya fito daga bakin Tunau shi ne, "Don kada a ce ni na kama?"

Shekarau ya dube shi ta cikin hayaƙi. "To riƙe ta. Na bar maka, da ƙullin da kuregen. Zan gaya wa kowa kai ka gano kogon. Kai dai taho, don Allah."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Tunau ya ji maganar ta fi wutar zafi. In ya kai kuregen gida yanzu, kyautar ƙanensa ce, duk ranar da aka yi masa waƙa Shekarau na zaune a gefe yana tafi, ya san abin da ya sani. Ya dubi ragar. Uwar ta daina fizga, ta naɗe jikinta a kan ɗan, ta juya wa hayaƙin baya. Shi kansa bai san wanne ne ya kwance masa hannu ba, haushin ƙanensa ko wannan. Ya buɗe bakin ragar ya ɗora ta a kan reshe. Ta tsaya ta kaɗa kai sau biyu, ta saki. Ratar da ta gagare shi ta wuce ta kamar ba komai, ta wuce maɗacin ma, ta sauka can a inda sauran suka sauka, da ɗanta manne a jikinta.

Shi kuwa da ƙyar ya haye. Ya rataya da hannu da ƙafa, bayansa na kallon duwatsu, yana jan jiki kaɗan-kaɗan, igiyar na saɓule masa fatar tafin hannu. Shekarau ya cafko wuyan rigarsa ya jawo shi, ya zare wuƙa ya datse igiyar. Ba su gama sauka ba lokon ya yi wata ƙara ya tsage, ya kwanta a kan rafi, ruwa ya yi ta tafasa a ƙarƙashinsa. Suka sari ɗanyun rassa suka yi ta bugun bakin wutar har la'asar, Allah ya taimake su danshin kurmi ya hana ta tafiya. Inda lokon yake ya zama fili, rana na dukan ƙasa. Tun daga ranar ba a ƙara ganin ɓararren ɓawo a wannan gefen rafin ba.

Suka kama hanyar gida. Shekarau bai taɓa faɗa wa kowa zancen ƙulli ba, ko matarsa. Amma an hangi hayaƙin daga Tunga, an kuma ga hannayen Tunau a naɗe da tsumma da girarsa a babbake, sauran labarin mutane suka haɗa da kansu.

Ranar taron bayan kaka aka cika fili. Anaruwa ya gyara zama ya taɓa komo, ya fara da gwanki, ya bi da gwaggon biri, sannan ya ɗaga murya da sabon baiti, na Shekarau mai igiya biyu, wanda ya hau sama ya ciro Tunau daga bakin wuta. Jama'a suka ɗauka, ana ta maimaitawa. Lantana ta taso daga wajen mata a guje, ta faɗa jikin ubanta, fuskarta cike da murna.

"Baba, ka ji? Yau an kira sunanka."

Ya ce ya ji. Ya ɗaga hannayensa masu tsumma ya yi tafi tare da kowa, a hankali, don har yanzu suna zafi.

To kai mai karanta wannan, in kana shiga daji, kada ka kuskura ka hura wuta a gindin kogo ka hau babu mutum a ƙasa, komai yawan ganyen da ka tula, komai abin da ke cin ranka. Ke kuma 'yar'uwa, in kin ga ya ɗauki raga da igiya da ashana ya ce miki tarko zai duba, kada ki tsaya lallashinsa ya sha kunu. Ki goya ɗanki ki je ki buga ƙofar wanda zai iya bin sawunsa, ko da shi ne mutumin da ba ya son jin sunansa a gidan.